Usur a Hannun Mace

Akwai hukunci biyu da mutanen ƙasarmu suka yarda da su ba tare da an taɓa zama an rubuta su ba. Na farko shi ne, yarinyar da ta fara zama budurwa bai dace baligin namiji ya tsaya a kanta yana koya mata yadda za ta ɗaga ƙafa, ta miƙe baya, ta ja numfashi ba. Na biyu shi ne, mace mai mutunci ba ta tsayawa a tsakiyar fili da usur a baki tana ɗaga murya tana ba da umarni. Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa da ke bakin iyakar Katsina zuwa Babura da ke kallon Nijar, da wuya ka shiga majalisar dattawa ka faɗi ɗaya daga cikin biyun nan a musa maka. Kowanne, in aka ɗauke shi shi kaɗai, yana da kamannin hankali. Amma in aka ɗora ɗaya bisa ɗaya sai su haifi hukunci na uku, wanda babu wanda ya taɓa furta shi, babu kuma wanda zai yarda a jingina masa shi: cewa 'ya mace, daga ranar da ta balaga, ba ta da mai koya mata horar da jikinta. Namiji an hana shi, mace an hana ta. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, shin al'umma tana da haƙƙin ta rufe ƙofofi biyu na ɗaki ɗaya, sannan ta ce ba ita ta kulle na ciki ba?

Motsa jikin 'ya mace ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wadda ta tashi a ƙauyukan Roni ko Gwiwa ta san dandali da farin wata, ta san gaɗa, inda yarinya kan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tallafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Wanda ya kalli wannan da idon basira zai ga ƙarfin cinya a ciki, da sanin lokaci, da yarda da abokan wasa, abubuwan da masu horarwa na zamani ke shafe watanni suna nema a jikin 'yan wasansu. Akwai 'yar gala-gala, akwai tsallen igiya, akwai tseren da ake yi daga bakin rijiya zuwa ƙofar gida. Kuma a kowace da'irar gaɗa akwai yarinya guda da ke ba da waƙa, ta tsara layi, ta ce wance shiga, wance fita, ta tsawata wa mai sakin hannu. Ba a raɗa wa aikinta suna ba, amma aikin koci take yi. Al'adarmu ta san wannan yarinyar, ta kuma yi mata tafi. Abin da ba ta tanadar mata ba shi ne inda za ta dosa da baiwarta idan ta girma.

Wajen shekara goma sha biyu zuwa sha uku ne gudun ke tsayawa. Babu wanda ke yin shela. Kallo ne kawai ke sauyawa, sai wata 'yar magana daga inna ko yaya, "ke kin girma fa", sai yarinya ta koyi tafiya a hankali. A makarantar kwana da na yi, malaminmu na motsa jiki namiji ne, dattijon kirki mai tsoron Allah, kuma kirkin nasa ne ya sa bai koya mana komai ba. Yakan tsaya can nesa a gindin darbejiya, ya mirgino mana ƙwallo, ya sunkuyar da kai yana duba rajista har a kaɗa ƙararrawa. Idan yarinya ta yi tsalle ta dira a karkace, yana gani, ya san gwiwarta ce za ta biya, amma ba zai matso ya gyara mata tsayuwa ba, mu ma da ya matso da mun watse. Kunyarsa da tamu suka haɗu suka cinye darasin. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ya kiyaye hukunci na farko ne iyakar kiyayewa, kuma abin da kiyayewar ta haifa ke nan a inda babu macen da za ta karɓi usur ɗin daga hannunsa.

A shekararmu ta huɗu aka kawo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Kudu wadda ta iya ƙwallon raga. Cikin wata uku 'yan matan da ake cewa ba su da karsashi suka koma tashi kafin asuba su share fili. Ta kama hannun kowaccenmu ta nuna mata inda ƙwallo ke sauka, ta san ranar da yarinya ke fama da ciwon mara ba tare da an gaya mata ba, ta san wadda za a yi wa tsawa da wadda za a lallasa. Da shekararta ta cika ta tafi. Ragar ta yi zango ɗaya a rataye, daga baya aka mayar da igiyarta ta shanya.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: wane motsa jiki kuma ake nema wa yarinyar da ke daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta ɗauki tallan fura ta zaga kasuwa? Maganar tana da nauyi, kuma masu yin ta sun fi ni sanin ƙauye. Sai dai wahala daban, horo daban. Tulun da ake ɗora wa 'yar shekara goma a ka danne mata wuya yake yi, kuma babu mai tsayawa ya duba ko nauyin ya dace da ƙashinta. Horo kuwa aiki ne da aka auna, wanda ake ƙarawa da kaɗan-kaɗan, a huta a inda ya kamata, don amfanin jikin mai yin sa. Wahala ta wani ake yi wa, horo na mai shi ne. Ga kuma sauran rabin labarin: yarinyar nan mai ɗiban ruwa, idan ta yi aure a cikin gari, tana iya shafe shekaru tafiyarta ba ta wuce daga ɗaki zuwa madafa ba, har ranar da za a auna ta a asibiti a ce hawan jini ne ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar matashi ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, babba kuma minti 150 a mako, har da mai juna biyu idan lafiyarta ƙalau. Binciken da masanan hukumar suka fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa kai wannan ma'auni, maza kuma kashi 78. Matsalar ta duniya ce, amma tamu tana da ƙarin kwaɗo a ƙofa.

Ba na cikin masu yi wa tsoron iyayenmu dariya. Uban da ya ƙi miƙa 'yarsa ga namijin koci ya hango abin da ya faru a wurare da yawa. A 2021 aka bankaɗo yadda aka daɗe ana cin zarafin 'yan mata matasa masu buga wa ƙasar Mali ƙwallon kwando; ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da maganar, aka kama kocin 'yan matan, sannan binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi zurfi. A Amurka, likitan 'yan wasan alkafura na ƙasa ya shafe shekaru yana lalata da yaran da aka damƙa masa, sai a 2018 kotun jihar Michigan ta yanke masa ɗaurin da ba zai fito da rai ba. Koci yana da iko a kan ɗan wasa irin wanda malamin aji ba shi da shi: shi ke zaɓar wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, shi ke tafiya da yara garin da iyayensu ba sa nan, kuma aikinsa a kan jiki yake. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A kan hukunci na farko, ina tare da dattawa fiye da yadda suke zato.

Amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya kafa sharaɗin cewa mace ce kaɗai za ta horar da budurwa ya ɗaukar wa kansa bashin samar da wannan macen. Mun taɓa bin irin wannan hanya, kuma ba da daɗewa ba. Shekaru da dama magidanta a yankinmu suna ƙin kai matansu asibiti haihuwa don kada namiji ya duba su, a lokaci guda kuma suna ƙin barin 'ya'yansu mata su karanci aikin jinya, wai aikin kwana ne a waje. Mata suka yi ta mutuwa a tsakanin ƙin biyu. Abin da ya karya wannan kulli hujja ce daga cikin gida: malamai suka hau mumbari suka ce samar da mata likitoci da ungozomomi farilla ce ta kifaya, wadda idan babu mai yi duk al'umma ke ɗaukar zunubi. Daga 2012 wani shiri da Birtaniya ta tallafa wa ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, da yardar iyaye da mazaje da masu unguwanni, ana shirya su don shiga makarantun kiwon lafiya, har ana tanadar wa masu goyo wurin reno. Yau akwai makarantar koyon jinya da ungozoma a Babura, kuma uban da 'yarsa ta samu gurbi a can barka ake yi masa. Ban ce usur da allurar ungozoma nauyinsu ɗaya ba. Wadda ke naƙuda ba ta jira, mai son ƙwallo tana iya jira. Amma ginin hujjar iri ɗaya ne, kuma wanda ya karɓe ta a ɗakin haihuwa zai sha wuyar bayyana dalilin ƙin ta a filin makarantar 'yan mata.

Addini kuwa, wanda aka fi fakewa da shi, ya fi masu fakewar sauƙin kai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta tsere masa, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake ya tsere mata. Matar aure ce a lokacin, kuma ita da bakinta ta ba da labarin. Abin da shari'a ta yi magana a kai sutura ce da cakuɗuwa da keɓewa, kuma duk ukun mace mai horarwa sauƙaƙa su take yi. A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu yi mana wa'azin wayewa daga waje ba su cika son ji ba: ba a gida kaɗai aka tare wa Musulma hanya ba. Daga 2007 hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya sun hana buga wasa da ɗankwali ko hijabi, har aka hana 'yan matan Iran buga wasan neman gurbin Olamfik a 2011 saboda shigarsu. Sai a 2014 aka janye dokar baki ɗaya, ƙwallon kwando kuma sai a 2017. A 2023 ne Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi, kuma a Olamfik ɗin Paris na 2024 Faransa ta hana 'yan wasanta sa shi. Yarinyar Kazaure da ta so wasa ta daɗe tsakanin masu cewa ta ajiye ƙwallo da masu cewa ta ajiye mayafi.

Idan ana neman misalin mace mai jagorantar mata a wajen gida, ba sai an ƙetare teku ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta tarar da matan karkara da ba sa iya zuwa wurin malami, malami kuma ba ya iya shiga wurinsu. Ba ta tsaya jayayya da kulle ba. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali ta naɗa su jajis, ta ɗora wa kowacce malfa da jan rawani, suka riƙa jagorantar ayarin 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su koyar da waɗanda aka bari a gida. Kalmar jaji kanta daga ayarin fatake aka aro ta, wato mai shiga gaba ya nuna hanya, aikin da aka sani na maza ne. Malfar kuma a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Asma'u ta ɗauki sunan aikin maza da hular da ake ƙyama, ta ɗora su a kan mace mai carbi, kuma Sakkwato ba ta rushe ba. Duk lokacin da na ji ana cewa usur kayan maza ne, malfar nan nake tunawa.

To, in ba addini ba ne, ba kuma rashin misali ba, mene ne ainihin abin da ke sa a ji wani iri idan mace ta busa usur? Ana cewa murya ce. Amma malamar Islamiyya tana ɗaga murya a kan yara sittin, ungozoma tana yi wa mai naƙuda tsawar da ake ji har zaure, uwar biki tana juya mata ɗari da baki ɗaya, kuma babu mai cewa sun zubar da mutunci. A ganina matsalar tana cikin kalmar wasa. Harshenmu bai raba abin da yara ke yi a ƙasa da abin da ƙwararre ke yi a filin Sani Abacha ba, duka wasa ne, kishiyar aiki, kishiyar hankali. Babbar mace da ta ce sana'arta wasa ce kamar ta ce ta ƙi girma ne. Maza ma sun sha wannan. Iyayenmu sun ga zamanin da ake yi wa ɗan ƙwallo kallon ashararu, a hana shi auren 'yar mutunci. Sai ga Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya sake cin Aisland biyu a 2018, ya gina katafariyar cibiyar wasanni a Kano, ana sa masa albarka a masallatai. Ƙwallon bai sauya ba, kuɗi ne suka wanke masa suna. Idan abin da dukiya ke iya wankewa ne, ashe tun farko ba najasar ɗabi'a ba ce. Matan da ke horarwa ba su kai ga wannan sabulun ba tukuna, shi ya sa har yanzu ake auna su da ma'aunin da aka daina auna maza da shi.

Ko da an kawar da duk wannan, akwai tsani, kuma matakansa na ƙasa a karye suke. Galibin masu horarwa a duniya tsofaffin 'yan wasa ne. Yarinyar da ta daina gudu tana 'yar sha uku ba za ta taɓa zama tsohuwar 'yar wasa ba. Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa, wadda ta fi kowace suna wajen yaye masu horarwa, tana Surulere a Legas, fiye da kilomita 1,000 daga Kazaure, kuma kowa ya san tambayoyin da za a yi wa budurwa ko matar auren da ta ce za ta tafi can ta yi watanni. Lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka hawa-hawa ne, kowane hawa da kuɗinsa da tafiyarsa. Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce ta malanta: sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko a kwalejojin ilimi. Amma a can ma, ɗalibar da aka ba wannan fanni jaje ƙawayenta ke yi mata, kamar wadda aka jefar inda babu mai so. Yankinmu ba ya rasa makarantu. Kazaure tana da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, Babura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Gine-gine da filaye suna nan. Wadda za ta tsaya a filin ce ba a shuka ba, balle a girbe.

Na taɓa kawo wa gwaggona wannan zance, tana tsinke zogale. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, duk na ji. Amma wa zai auri mai busa usur?" Na ce, "Gwaggo, ai ku kuka ba mu labarin babu mai karya ku a gaɗa duk unguwarku." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Wannan kafin a kai ni ɗaki ne." Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ƙara da cewa har yau idan ta ji tafi daga dandali ƙafarta kan motsa. Tambayarta ita ce tambayar gaske, kuma babu lasisin da ke amsa ta. A ƙasarmu farashin sana'ar da ba a saba gani ba a wurin aure mace ke biyan sa, ita da ƙannenta mata. Wanda bai san wannan ba bai san nauyin abin da yake nema daga yarinyar da yake cewa ta yi jarumta ba.

Matan da suka riƙe usur a matakin ƙasa sun nuna abin da za a iya. Eucharia Uche ta jagoranci Super Falcons suka ci kofin Afirka a 2010 a Afirka ta Kudu. Florence Omagbemi, wadda ta daɗe tana kyaftin ɗin ƙungiyar, ta ci shi a matsayin koci a 2016, a gaban 'yan kallon Kamaru a Yawunde. Rena Wakama tana da shekara 31 ta karɓi D'Tigress a 2023, ta ci kofin ƙwallon kwando na Afirka a Kigali, ta kai su zagayen 'yan takwas a Olamfik ɗin Paris, matakin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa, sannan ta sake cin kofin a Abijan a 2025. Sai dai labarin yana da ɗaci a ƙasansa. 'Yan wasan Omagbemi sai da suka ƙi barin otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu, ita kuma ba a sabunta mata aiki ba, kuma tun daga ita duk waɗanda aka damƙa wa ƙungiyar maza ne. A gasar duniya ta mata ta 2023, ƙungiyoyi 12 kacal cikin 32 ne mata ke horarwa. Kuma cikin ukun nan namu babu 'yar Arewa: biyu daga Kudu suke, ta ukun a Amurka aka haife ta, can ta yi wasa, can ta koyi aikin.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da irin labaran da ake yawan bugawa na mace guda da ta tsallake katanga. Ana ɗaukar hotonta, a kira ta jaruma, a ba ta lambar yabo, kowa ya koma gida da sanyin zuciya. Yabon gaskiya ne, ta kuma cancance shi. Amma akwai wata dabara a cikinsa, domin yana mayar da katangar tamkar dutsen da Allah ya ajiye, irin duwatsun Roni, wanda sai dai a yaba wa mai hawa. Katanga kuwa da hannu aka gina ta, kuma maginan suna cikin masu tafi. Idan sai mace ta zama jaruma kafin ta koya wa 'yan aji biyu ƙwallon hannu, to abin kunyar na garin ne. Namijin da ke wannan aiki ba a neman jarumta a wurinsa. Takarda ake nema, a ba shi albashi.

Akwai rauni a hujjata da ya kamata in nuna da kaina kafin a nuna mini. Idan dalilin samar da mace koci shi ne kawai don kada namiji ya horar da 'yan mata, to na buɗe mata ƙofa na kuma zana mata iyaka: ta tsaya a wurin mata. Me za a ce da Salma al-Majidi ta Sudan? Ta taso a Omdurman lokacin da ƙasarta ba ta da gasar ƙwallon mata, wadda sai a 2019 aka fara. Ta koyi aikin ne tana kallon kocin da ke horar da ɗan'uwanta, ta yi lasisi, ta horar da ƙungiyoyin maza da hijabinta, ciki har da Al-Ahli ta Gadarif, garin da Hausawa ke zaune da yawa tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. A Kano ma akwai Hidaa Ghaddar, 'yar Kano mai asalin Labanan, da ke horar da yara maza a makarantar ƙwallon da ta kafa don nisanta su da shaye-shaye. Waɗannan larura ba ta bayyana su, iyawa ce ke bayyana su. Matsayina shi ne, hujjar larura bashi ce da ta wajaba a kan kowa, har da mafi tsananin dattijo, domin daga sharaɗinsa aka ciro ta. Hujjar iyawa kuwa ta fi ta faɗi, kuma na yarda da ita: macen da ke koya wa yara maza lissafi a firamare, ko take duba su a asibiti, ban ga abin da zai hana ta koya musu tsaron gida ba. Amma ba zan ɗaure ta farkon a ƙafar ta biyun ba. Mutumin Gwiwa da bai shirya ganin mace a gaban samari ba yana da damar ya ci gaba da muhawara da ni shekara goma. Damar da ba shi da ita ita ce ya bar 'yarsa ba malami ba malama har muhawarar ta ƙare.

Abin da ake buƙata a aikace bai kai girman surutun da ake yi a kansa ba. Makarantun 'yan mata da yawa suna da katanga da fili, kuma da yamma babu kowa a ciki. Filin da ɗalibai suka yi amfani da shi da safe zai iya karɓar matan aure bayan la'asar, mace a ƙofa, mace a tsakiya. Ita ma macen a sa mata ido kamar yadda za a sa wa kowa, domin zama mace ba ya mayar da mutum mala'ika. A ba ta matsayi da albashi a matsayin mai horarwa, kada a mayar da ita mai tsaron ɗakin kwana da ake tunawa da ita mako guda kafin gasar gidaje. Ƙananan hukumomin nan huɗu, idan kowacce ta ɗauki nauyin 'yan mata biyu da suka gama sakandare bana, da yardar iyayensu da sa hannun hakimi kamar yadda aka yi wa ungozomomi, takardar shaidar malanta ta ƙasa shekara uku ce. Ranar da za su dawo, yaran da ke aji huɗu na firamare yanzu suna shiga ajin farko na ƙaramar sakandare, daidai shekarun da ake fara ce musu sun girma.